BODH GAYA, GARIN DA NA NESA SUKA TAYAR: ABIN DA MUKA GANO A MAZIYARTAR MABIYA ADDININ BUDA

Jawabin da aka gabatar a zaman rana ta biyu na taron shekara-shekara



Gabatarwa

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya sake haɗa fuskokinmu a bana cikin ƙoshin lafiya, muna miƙa godiya ga kwamitin shirya taro saboda wannan dama da ya ba mu. Bisa al'ada, rahoton sakatare da na ma'aji su ne kan cinye yawancin lokacin wannan zama. Bana kuwa sai dattawa suka ga ya kyautu a keɓe ɗan lokaci ga 'ya'yan garin da Allah ya nufa da taka wata ƙasa, su zo su faɗi abin da idonsu ya gane musu, tun da an ce tafiya mabuɗin ilimi. Mu uku ne harkar aiki ta kai birnin Delhi na ƙasar Indiya a wani watan Disamba. Da muka sami sararin kwana huɗu, sai muka yi shawarar mu leƙa wani ƙaramin gari da ake kira Bodh Gaya, wanda a wajen mabiya addinin Buda babu wurin da ya kai shi daraja a duniya.

Ya kamata tun farko mu bayyana matsayinmu. Mun je ne a matsayin matafiya masu kallo da tambaya. Duk abin da za mu ambata game da aƙidar mutanen, faɗarsu ce muke kawowa kamar yadda suka riƙe ta. Dalilin da ya sa muka zaɓi labarin wannan gari shi ne, wuri ne da ya taɓa cika ya batse, daga baya ya koma kufai na ɗaruruwan shekaru, kuma mutanen da ke nesa da shi su ne suka ƙi mantawa da shi har suka tayar da shi. Yadda suka yi hakan, da inda gyaran nasu ya kai da inda bai kai ba, shi ne ginshiƙin wannan jawabi.

Hanyar Zuwa

Kada jin sunan Gaya ya sa wani ya zaci ta Jihar Kano muke nufi. Wannan Gaya tana Jihar Bihar ne a gabashin Indiya, kusan kilomita 1,000 daga Delhi, a kan babban layin dogon da ya haɗa Delhi da Kolkata. Jirgin ƙasa mai sauri yakan tashi da yamma ya isa kafin gari ya waye, sai dai a lokacin sanyi wani irin hazo mai laima, wanda ya fi na hunturunmu kauri, yakan rufe hanya, jirgi ya yi ta rarrafe har ya makara da sa'o'i. Daga tashar Gaya zuwa Bodh Gaya kimanin kilomita 15 ne, abin hawan kuma ba baƙo ba ne a gare mu: keken nan ne mai ƙafa uku da muke kira A Daidaita Sahu, wanda dama daga ƙasarsu ake kawo mana shi.

Wanda ya san Indiya ta cikin finafinai zai ga wata Indiya daban a wannan 'yar gajeriyar hanya. Gonakin shinkafa ne da aka girbe, da tarin tattaka, da ɓaunayen gida baƙaƙe suna kiwo, da kashin shanu da aka lilliƙa a jikin bango yana bushewa don a yi makamashi da shi. Garin kansa yana gaɓar wani kogi da ake kira Niranjana, wanda a wannan lokaci na shekara yashi ne shimfiɗe fari fat, kamar yadda kogunanmu suke da rani. A ƙidayar 2011 mazaunan garin ba su cika 40,000 ba. Amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu baƙi kan ninka wannan adadi, har filin jirgin saman Gaya ya riƙa karɓar jirage kai tsaye daga ƙasashe irin su Tailan da Myanmar.

Me Ke Kawo Jama'a?

Wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa Alaihis Salam, aka haifi wani ɗan sarauta mai suna Siddhartha Gautama a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau. Labarin da mabiyansa ke bayarwa shi ne, ya tashi cikin daula, mahaifinsa ya kange shi daga ganin duk wani abin baƙin ciki, har ranar da ya fita gari ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa. Yana da shekara 29 ya bar fada da matarsa da ɗansa ya shiga daji neman amsar tambaya ɗaya: me ke jawo wahalar ɗan Adam, kuma mene ne maganinta? Shekara shida ya yi yana azabtar da jikinsa da yunwa a duwatsun da ke kusa da wannan kogi, har ya kusa halaka. Sai wata yarinyar ƙauye mai suna Sujata ta ba shi shinkafa dafaffiya da madara, ya ci ya sami ƙarfi, ya haye kogin ya zauna a gindin wata bishiya. A nan ne, in ji su, ya gane cewa kwaɗayi da ɗamfaruwa da abin duniya su ne tushen wahala, kuma mafita tana cikin matsakaiciyar hanya tsakanin holewa da azabtar da kai. Daga ranar aka kira shi Buda, ma'ana wanda ya farka.

Wurare huɗu ne mabiyansa suka fi kai wa ziyara: Lumbini inda aka haife shi, Bodh Gaya inda ya sami wannan farkawa, Sarnath kusa da Baranasi inda ya fara wa'azi, da Kushinagar inda ya rasu yana da shekara 80. A cikin huɗun nan Bodh Gaya ce uwa, domin a ganinsu a nan addinin ya samo asali.

Bishiyar da ake magana, idan ɗan garinmu ya gan ta zai ce ai wannan durumi ne. Dangin juna ne da durumi da ceɗiya da gamji da ɓaure, ganyenta ma kamar na durumi yake, mai faɗi da dogon tsini a baki. Mutanen Indiya suna kiran irinta pipal, ita wannan kuma ana ce mata bishiyar Bodhi.

Cikin Harabar Haikali

Ana buɗe harabar tun da asuba. Kafin mutum ya shiga sai ya bi layi an caje shi sau biyu, ya ajiye wayarsa a wurin ajiya. Wannan tsauri ya biyo bayan bama-baman da aka tayar a wurin ranar 7 ga Yuli, 2013, waɗanda suka jikkata mutane, ciki har da biyu daga ruhubanawan addinin, wato masu askakken kai da suka bar aure da tara dukiya. Bayan an tuɓe takalma, abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne gangarawa ake yi kan matakala kafin a kai ga ginin, kamar an dasa shi a cikin kwari. Dalilin haka zai zo nan gaba.

Haikalin, wanda ake kira Mahabodhi, gini ne na jan bulo mai kama da dala siririya, tsayinsa kimanin mita 50, da ƙananan hasumiyoyi huɗu a kusurwoyinsa. An gina shi a ƙarni na 5 zuwa na 6 Miladiyya, yana kuma cikin tsofaffin gine-ginen bulo da suka saura a tsaye a Indiya. A shekarar 2002 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya. A 2013 kuma aka lulluɓe ƙololuwarsa da zinariya kusan kilo 290, gudummawar Sarkin Tailan da jama'arsa. A cikinsa akwai ƙaramin ɗaki da mutum-mutumin Buda a zaune, yatsun hannunsa na dama suna taɓa ƙasa. Bishiyar tana bayan ginin ta yamma, an kewaye ta da shinge, an tallafi manyan rassanta da ginshiƙan ƙarfe. Tsakaninta da bango akwai wani faifan dutse da ake dangantawa da Sarki Ashoka, wanda ya mallaki yawancin Indiya a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ya rungumi wannan addini bayan ya ga yawan jinin da aka zubar a yaƙinsa na Kalinga, ya kuma gina wurin bauta na farko a nan.

Abin kallo na gaskiya shi ne mutanen. Ga 'yan Tailan cikin mayafi ruwan ɗorawa, ga 'yan Tibet cikin ja mai duhu, ga 'yan Koriya cikin ruwan toka, ga ayarin tsofaffin mata daga Siri Lanka sanye da farare suna biye da jagoransu mai ƙaramar lasifika. Kowane rukuni yana karatu da harshensa da muryarsa, ba mai hana wani. 'Yan Tibet sukan shimfiɗa dogon allo na katako, mutum ya miƙe tsaye, ya kwanta rub da ciki ya miƙe hannuwa, ya sake tashi, yana ƙirgawa da carbi. Akwai masu alwashin yin haka sau 100,000, su share makonni a kai, har allon ya yi santsi yana ƙyalli. Wasu kuma suna zaune cikin ƙananan gidajen sauro ba motsi, awa biyu, awa uku. An hana tsinkar ganyen bishiyar, saboda haka da iska ta kaɗa ganye ya faɗo, sai ka ga dattijo mai furfura ya yi wuf ya tsince shi ya adana a cikin littafi. Duk da wannan cinkoso, ba mu ji an ɗaga murya da faɗa ba, ba mu kuma ga ko ɓawon alewa a ƙasa ba.

Yadda Garin Ya Mutu, Da Yadda Ya Tashi

Tun zamanin da, baƙi ne ke ɗauke da wannan wuri. 'Yar Sarki Ashoka mai suna Sanghamitta ta ɗauki reshen bishiyar ta kai tsibirin Siri Lanka aka dasa a birnin Anuradhapura, yana nan da ransa fiye da shekara 2,200, gida biyu maganin gobara ke nan. A ƙarni na 4 Miladiyya, da Sarkin Siri Lanka Meghavanna ya ji cewa mutanensa suna zuwa ziyara ba su da masauki, sai ya nemi izini wurin Sarki Samudragupta ya gina musu babban gida a gefen haikalin. Daga ƙasar Sin, Faxian ya zo a farkon ƙarni na 5, Xuanzang kuma ya zo bayan shekarar 630, ya rubuta siffar ginin da abin da ke kewaye da shi dalla-dalla.

Daga ƙarni na 12 sai al'amura suka juya. Daular Pala da ke ɗaukar nauyin makarantu da gidajen ruhubanawa ta faɗi, jama'ar karkara dama sun daɗe suna komawa addinin Hindu, sannan wajen shekarar 1200 rundunar Turkawa ƙarƙashin Bakhtiyar Khalji ta ci ƙasar Bihar, manyan cibiyoyin karatun addinin Buda suka watse. Wani matafiyi daga Tibet mai suna Dharmasvamin da ya iso a 1234, ruhubanawa huɗu kacal ya tarar. Sannu a hankali addinin ya ƙaura daga ƙasar da aka haife shi. Ambaliya da iska suka yi ta tara yashi da laka har suka binne gindin haikalin, rufinsa ya tsage, ciyawa ta tsiro a bangonsa. Wannan ne ya sa yau ake gangarawa kafin a kai gare shi: tono shi aka yi. Wajen 1590 wani mai zuhudu daga mabiya addinin Hindu ya zauna a wurin, magadansa, waɗanda ake kira Mahant, suka zama masu ƙasar da haikalin har tsawon shekara 300 da ɗoriya.

To amma na nesa ba su manta ba. Sarakunan Bama, ƙasar nan da kakanninmu suka je yaƙi a zamanin Turawa wadda yanzu ake kira Myanmar, sun sha aiko da magina su yi gyara. Da zuwa ya yi wuya, sai mutane suka riƙa gina kwatankwacin haikalin a ƙasashensu: akwai ɗaya a Bagan ta Bama tun ƙarni na 13, akwai wani a Chiang Mai ta Tailan tun ƙarni na 15. Bayan 1870 Sarki Mindon na Bama ya sake aiko da ma'aikata, abin da ya zaburar da gwamnatin Ingila mai mulkin Indiya ta ɗauki aikin da kanta. Daga 1880 zuwa 1884 Alexander Cunningham da J. D. Beglar suka tone wurin suka sake gina abin da ya rushe. Da suka zo kan siffar da ginin yake da ita tun asali, wani ɗan ƙaramin samfurinsa na dutse da aka tsinta a cikin kufan, irin wanda maziyartan da ke saye su tafi da shi gida, shi ya yi musu jagora. Tsohuwar bishiyar ta faɗi a wata guguwa a 1876, a 1881 aka dasa wani tsiro daga zuriyarta, shi ne wanda ke tsaye yau.

An gyara gini, amma babu masu shi. A watan Janairu na 1891 wani saurayi ɗan Siri Lanka mai shekara 26, Anagarika Dharmapala, ya zo ziyara ya tarar babu mabiyin Buda ko ɗaya da ke da ta cewa a wurin. A wannan shekara ya kafa ƙungiyar Maha Bodhi a Kolombo, daga baya ya fara buga mujalla, ya yi ta yawo ƙasa-ƙasa har Japan da Amurka yana neman gudummawa. Ya shiga shari'a da Mahant, aka yi shekaru ana fafatawa, a 1906 ya sha kaye. Ya rasu a 1933 bai ga biyan buƙatarsa ba. Sai a 1949, bayan Indiya ta sami 'yanci, majalisar Bihar ta yi dokar da ta ɗora kula da haikalin a kan kwamiti mai wakilai huɗu mabiya Buda da huɗu mabiya Hindu, da babban jami'in gundumar Gaya a matsayin shugaba. A 1953 aka miƙa wa kwamitin ragama.

Wannan rabo bai kashe gardamar ba. Mabiya Hindu suna cewa su ma suna girmama Buda a cikin addininsu, kuma su suka tsare wurin lokacin da babu kowa. Mabiya Buda suna cewa babu wani addini da ake ba waɗansu rabin iko da wurinsa mafi tsarki. Har zuwa gyaran da aka yi wa dokar a 2013, sharaɗi ne shugaban kwamitin ya kasance mabiyin Hindu. A watan Fabrairu na 2025 ma ruhubanawa sun yi zaman dirshan da yajin cin abinci a garin suna neman a soke dokar ɗungurungum.

Daga 1956, shekarar da aka yi bikin cika shekara 2,500 na addinin bisa lissafinsu, gwamnatin Indiya ta gayyaci ƙasashen mabiya Buda su zo su gina gidajensu. Yau mutum zai zaga gari da ƙafa cikin yini ɗaya ya ga ginin Tailan mai rufi yana walƙiya, da na Butan mai zane-zane, da na Japan, da na Sin da Biyetnam da Tibet, kowanne da fasalin ginin ƙasarsu. Akwai kuma mutum-mutumin Buda mai tsayin ƙafa 80 da wata ƙungiyar Japan ta gina, wanda Dalai Lama ya buɗe a 1989.

Bayan Katanga

Ranka ya daɗe shugaban taro, da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce madalla mu zauna. Amma wanda ya fito daga ƙofar harabar ya yi taku hamsin, zai shiga wata duniya. Bihar tana cikin jihohin da suka fi talauci a Indiya, mabiya Buda kuma ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen ƙasar ba a ƙidayar 2011. Mazaunan Bodh Gaya yawancinsu mabiya Hindu ne da Musulmi, abin da ya haɗa su da haikalin shi ne neman abinci. Mabarata jere suke a bakin hanya, kutare da makafi da mata masu goyo, da yawansu daga ƙauyuka suke zuwa su yi watannin baƙi su koma. Yara suna bin baƙo da furen sayarwa. Wasu na riƙe da keji cike da tsuntsaye, maziyarci ya biya a saki don neman lada, mutanen gari kuma suka ce mana yawancinsu sake kama su ake yi.

Mun zauna shan shayi da wasu masu shaguna, kukansu kusan iri ɗaya ne. Cinikin wata huɗu ne ke ciyar da su shekara, domin daga Afrilu zafi kan haura digiri 40, gari ya yi tsit. Manyan ayarin baƙi kan sauka a gidajen ƙasashensu, su ci abincin da masu dafa musu suka dafa, motarsu ta kai su ƙofar haikali ta kwashe su, kuɗin ya zaga a tsakaninsu bai taɓa hannun ɗan gari ba. Bayan harin 2013 kuma an rushe shaguna da dama da ke kusa da ƙofa saboda tsaro. Gaskiya ne wasu gidajen baƙin sun buɗe makarantu da ɗakunan shan magani kyauta, mun kuma ga amfaninsu da idonmu. Sai dai magudanun ruwa da tulin shara da ke bayan layin otal-otal sun nuna cewa babu wanda ya ɗauki garin kansa a matsayin nasa kamar yadda aka ɗauki haikalin.

Da muka haye gada zuwa ƙauyen Bakraur, inda aka ce nan ne gidan Sujata, sai muka tarar da unguwannin mutanen da ake kira Musahar, waɗanda ke can ƙasan tsarin jinsi na Indiya, yawancinsu ba su da gonar kansu, ƙwadago suke yi. Daga cikinsu ne aka sami Dashrath Manjhi na ƙauyen Gehlaur a wannan gunduma ta Gaya. Matarsa ta rasu ba a kai ta ga likita ba saboda wani dutse da ya raba ƙauyensu da gari. Daga 1960 zuwa 1982, shekara 22, shi kaɗai da guduma da kurfi, ya fasa hanya mai tsawon mita 110 ta tsakiyar dutsen. Ya rasu a 2007, gwamnatin jiha ta yi masa jana'izar girmamawa. A gunduma ɗaya ake da hasumiyar da aka yi wa hular zinariya da hanyar da talaka ya sassaƙa da hannunsa.

Ladabin Baƙo

Ga wanda Allah ya nufa da zuwa, ko nan ko wani wuri irinsa, ga kaɗan daga abin da muka koya. Hausawa sun ce idan ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. A irin wannan wuri karin maganar tana da iyaka: ta shafi ladabi, ba ta shafi ibada ba. Babu wanda ya nemi mu rusuna ko mu kunna fitila, da muka tsaya gefe muna kallo kuma babu wanda ya harare mu. Abin da ake buƙata shi ne a tuɓe takalma, a sa suturar mutunci, a sassauta murya, a zaga ta inda jama'a ke zagawa, wato gini yana hannun dama. Ba a miƙe ƙafa ta fuskanci bishiyar ko mutum-mutumin, mace ba ta taɓa ruhubanawa, ba a kuma ɗaukar hoton mai ibada sai da yardarsa.

Akwai masallaci ba nisa da haikalin, har ana jin kiran salla daga cikin harabar, a nan muka riƙa yin sallolinmu tare da 'yan kasuwar garin. Abinci yawancinsa na ganye da wake da shinkafa ne, saboda haka batun yanka bai dame mu ba, ga shi kuma jihar ta haramta giya tun 2016. Kada a baro Gaya ba a sayi tilkut ba, wani kantun riɗi ne da ake kirɓawa da mazarƙwaila, tsaraba ce mai kyau. A tafi da rigar sanyi da maganin sauro, a sha ruwan gora. Wanda ke son yin sadaka kuma, gara ya kai wata makaranta ko ɗakin magani da ya gani da idonsa, da ya watsa sulalla a titi yara su yi ta turereniya a gaban motoci.

Kammalawa

Jama'a, ba mu kawo wannan labari don mu kwatanta garinmu da Bodh Gaya ba, kowane da irin abin da Allah ya ba shi. Amma mu da muke zaune a birane, muke tuna gida daga nesa, akwai abin da ya shafe mu a ciki. Wurin da yashi ya binne shekaru ɗaruruwa ya tashi ne saboda wasu sun adana siffarsa a rubuce, wasu sun yi ta aiko da magina, wani saurayi kuma ya kafa ƙungiya da mujalla ya yi shekara 42 yana fafutuka bai ci moriyarta ba. Haka nan kuma mun ga cewa na nesa yakan gyara abin da zuciyarsa ke so ya gani idan ya zo ziyara, ya tsallake abin da mazaunin wurin ke kwana da shi yana tashi da shi. Tambayar da muka dawo da ita, wadda muke ajiyewa a gaban wannan zama, ita ce: a cikin ayyukan da muke aikowa da kuɗinsu daga birni, nawa ne muka fara tambayar waɗanda ke kwana a garin kafin mu yanke shawara?

Muna roƙon Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya ja zamanin uban ƙasa, ya jiƙan magabatanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.